Buɗa-Baki a Gaban Suruki

Mijin yayata ne ya kawo maganar tafiyar, ta waya, ana tsakiyar damina. Lokacin na gama jarrabawar ƙarshe ta lise, wato babbar sakandare, na koma ƙauyenmu da ke kudu da Agiye, ba ni da aiki sai taya Inna cire ciyawa a gonar ayarta da sake karanta littattafan da na riga na haddace. Ya ce an buɗe wani wurin shaƙatawa a bayan Yamai, a bakin kogi, mai ɗakunan kwana da lilo iri-iri da gidajen cin abinci duk a cikin katanga ɗaya. Yana so ya kai iyalinsa, kuma ba zai je ba sai da Inna, don tun rasuwar Baba ba ta huta ba.

Inna ba ta karɓi wayar ba. Ba ta taɓa karɓar wayarsa ba. Tana zaune a bakin ɗaki tana tsince wake, ni ina tsakani, yana faɗa ina maimaita mata kamar ba da kunnenta take ji ba.

"Ce masa an gode," in ji ta. "Ce masa ciyawa ta cinye gona."

Ya ce ya riga ya yi magana da masu ƙwadago, gobe za su shiga gonar. Inna ta daɗe tana juya waken a faifai. Ba a ƙin maganar suruki sau biyu a gidanmu, don haka ta ce Allah ya kai mu.

Kakannin Inna daga arewa suka gangaro da shanu. Shanun sun ƙare tun kafin a haife ta, aka koma noma kamar kowa, amma kunyar ta zauna. Yaya ce 'yar farinta, ban taɓa jin ta ambaci sunanta ba, sai dai "waccan" ko "yayarki". Shi kuwa mijin Yaya, "baban yara" take ce masa, in kuwa ta ji sallamarsa a ƙofar gida, ko ruwa ne a bakinta sai ta ajiye moɗa ta ja mayafi. Mu biyu ta haifa. Duk maganar da ke tsakaninta da su ta bakina take bi.

Ana gobe za mu tafi ta wuni a bakin turmi. Ta kirɓa fura, ta yi dakuwa, ta soya aya da ƙuli-ƙuli, ta jera su a babban kwano ta ɗaure da tsohon zane. Na yi mata dariya, na ce wurin da za mu abinci ne ke neman mutane.

"Wannan nawa ne," ta ce. "Ku ci naku."

Ni hankalina ba ya kan kwanon. Na ga hotunan wurin a wayar Yaya, fitilu sun kwanta a kan ruwa kamar an zubar da duwatsun tsakiya, kuma tun daga ranar nake ganin kaina a cikinsu. A mota, daga Agiye har muka wuce Maraɗi da Gidan Rumji, garin su mijin Yaya, goshina na jingine da gilashi, gero kore yana gudu baya, ni ina can bakin kogin da ban taɓa gani ba. Mun kwana a gidan Yaya a Yamai. A can ba a sami wata damuwa ba, gida ne mai ɗakuna, aka kai wa Inna tuwonta ciki ta ja ƙofa.

Washegari da la'asar muka isa wurin. A bakin ƙofa akwai masu gadi da tebur, suna buɗe jakunkuna. Ɗaya ya kwance zanen Inna, ya ɗaga murfin kwanon, ƙanshin dakuwa ya tashi.

"Hajiya, ba a shiga da abincin waje."

Mijin Yaya ya yi dariya mai daɗi, irin ta wanda ya zo da albishir. "Inna, bar musu shi. Kin ga wanga zaren roba da ake ɗaura mana a hannu? Duk inda kika shiga da shi, ci ne kawai, ba mai tambayarki komai."

Aka ɗora kwanon a kan kanta a ɗakin masu gadi, kusa da wata hular kwano. Saurayin da ke ɗaura zaren ya miƙo hannu, Inna ta janye nata, sai ni na ɗaura mata. Muna tafiya tana waiwayen ɗakin.

Gidan abincin farko da muka shiga bangonsa duk gilashi ne, ginshiƙansa madubi. An jera tukwanen ƙarfe masu sheƙi, kowace da 'yar wuta a ƙarƙashinta, mutum ya ɗauki faranti ya bi layi ya ɗebi abin da ransa ke so. Abin da na fara nema da ido shi ne lungu, ko wani labule, ko bayan ginshiƙi. Babu. An gina wurin ne don kowa ya ga kowa. Teburinmu zagayayye ne, duk inda mutum ya zauna yana fuskantar wani.

Mijin Yaya ya ja wa Inna kujera da hannunsa, ya zauna daidai gabanta. Sannan ya tashi ya ɗauki faranti ya cika shi da shinkafa da kaza da soyayyen dankali, ya kawo ya ajiye mata, har da ɗan rusunawa.

"Bismillah, Inna. Yau ɗanki ne zai yi miki hidima."

Inna ta ja mayafi har kan hanci, ta karkata jiki tana kallon gilashi, inda wasu dawakan roba ke zagayawa da yara a kansu.

"Ce masa mota ta juya mini ciki," ta ce da ni a hankali.

"Ai jiya kuka sauka daga mota," in ji babbar 'yar Yaya, mai baki kamar reza. "Kaka, ko cokali ne ba ki iya ba? Kawo in koya miki."

"Ke da kike ci kina zubarwa kamar kaza? Koya wa kanki tukuna," in ji Inna.

Aka yi dariya, aka ci gaba da ci. Kazar ta yi laushi, ta ji albasa da wani ganye mai ƙanshi da ban san sunansa ba, har yau in na tuna ɗanɗanonta sai raina ya ɓaci. Farantin Inna ya huce a gabanta, man ya daskare a gefe, wata ma'aikaciya ta zo ta ɗauke shi ta juye a bokiti tare da ƙasusuwan wasu.

Na bi ma'aikaciyar na tambaye ta ko za a ba ni faranti in kai ɗaki. Ta ce abinci ba ya fita daga nan. In ana so a kai ɗaki, wani tsari ne daban, sai wanda ya kama ɗakunan ya sa hannu. Na dawo na raɗa wa Yaya, Yaya ta raɗa wa mijinta. Ya girgiza kai yana murmushi.

"Inna ba marar lafiya ba ce, ba kuma 'yar kaso ba ce, da za a tura mata abinci ɗaki. Gobe cikin zai kwanta, mu ci tare."

Da za mu fita na naɗe burodi a gefen mayafina. A ɗaki na ajiye mata a kan gado. Ta dube shi, ta dube ni.

"Ba ki aka yi, ko ɗauka kika yi?"

"An biya, Inna. Namu ne."

"Sun ce a fita da shi?"

Ta ture shi gefe da bayan hannu, ta sha ruwan famfo, ta shimfiɗa sallaya.

Da safe da aka ƙwanƙwasa mana ƙofa don karin kumallo, tana zaune da carbi.

"Ce musu azumi nake."

"Azumin me, Inna?"

"Na ɗaura niyya tun asuba. Ba zan zo gidan mutane in yi ta zuba ƙarya ba. Ta jiya ma ta ishe ni."

"Maganinki fa? Likita ya ce sai kin ci abinci."

"Magani ya jira magariba. In rana ta faɗi, su tafi wurin cinsu, ke ki je wa masu gadin nan ki roƙo mini ko dunƙulen fura ɗaya in sha a bakin ƙofa."

Na kai saƙon azumin. Mijin Yaya ya ce masha Allah, ya ce Inna ta fi mu duka, ya sa hannu a aljihu ya ciro waya ya koma gefe yana magana da wani. Na ɗauka aikinsa ne.

Ba ta yarda ta zauna a ɗaki ba, ta ce ba a kawo mutum kallo ya kwanta. Ta bi mu har tsakiyar wurin, ta sami wani benci na siminti a ƙarƙashin bishiya ta zauna. Wurin kuwa duk inda ka juya abinci ne. Nan ana gasa nama, can ana fasa gugguru, gaba kaɗan wata rumfa mai siffar jirgin ruwa ana sayar da madara mai ƙanƙara. Iska ko ta ina ta taso da ƙanshi take zuwa. Wani mutum cikin rigar zomo, kunnuwa har sama, ya zo ya buɗe hannuwa zai rungume ta, ta ce a'uzubillahi ta ɗaga masa takalmi, yaran suka yi ta dariya har da faɗuwa. Ita ma ta ɗan murmusa, amma na ga leɓɓanta sun bushe.

Na hau babban lilon nan mai kama da ƙafar keke, wanda ke ɗaga mutum sama a hankali. Shi na fi ɗokin hawa tun daga gida. Daga can ƙoli na ga kogin ya miƙe yana walƙiya, da kwale-kwale ɗaya kamar tsinke, da gonakin shinkafa a ƙetare. Sai na duba ƙasa. A cikin dukan launukan nan da kiɗa da mutane masu kai da kawowa da abu a baki, ga wani ɗan ɗigo mai ruwan bula a ƙarƙashin bishiya, ba ya motsi. Lilon ya sake zagayowa, ɗigon yana nan yadda yake. Ban ƙara duban kogin ba.

Da azahar, a wurin alwalar mata, na tare Yaya.

"Ki ce masa ya ba ta wuri. Ya zauna wani tebur, ko ya riga mu ci ya fita. Shi ke nan fa."

"Kina tsammanin ban faɗa ba?" Tana wanke ƙafa, ba ta ɗago ba. "Tun a gida na faɗa. Ya ce ni ma ƙauyancin bai sake ni ba. Ke ce mai bakin magana da ita, ki ce ta daure ta kai loma ɗaya, ya gani ya ƙyale ta."

"Ke ki gaya mata."

Sai ta ɗago. Idanunta sun yi ja. "Ni? Yaushe ta taɓa tsayawa na yi mata magana ta dube ni? Ke kika san muryarta. Ni bayanta na sani."

Na miƙa mata takalmanta.

Shi kuwa na same shi a bakin wurin da yara ke tuƙa ƙananan motoci suna karo da juna, yana ɗaga wa 'ya'yansa hannu. Tsakanina da shi akwai wasa, irin na ƙanwar mata da mijin ya, don haka ni kaɗai ce a gidanmu ke iya gaya masa magana kai tsaye.

"Injiniya, duk karatun nan naka ba a koya maka cewa suruka ba ta cin abinci a gaban suruki ba?"

"Amaryata, ke da kika yi lise, ke ma nan kika tsaya?" Ya gyara tsayuwa, wasan ya bar fuskarsa. "Na sani. A ciki na tashi. Uwata har ta koma ga Allah ba ta taɓa zama tabarma ɗaya da mijin ƙanwata ba. Mutumin kirki, ya yi mata jinya, ya kai ta asibiti a bayansa, amma ko sau ɗaya ba su yi hira ba. Wanga wace irin rayuwa ce? Addini bai ce haka ba. Uwar matata uwata ce, muharramata ce. Ni ba baƙo ba ne."

"Ba don kai baƙo ba ne take yi. Girma ne take ba ka."

"To na yafe girman."

"Tun jiya ba abin da ya shiga cikinta."

"Shi ya sa na shirya mata abin da ba ta taɓa gani ba. Ki bari magariba ta yi." Ya dafa ƙarfen da ke gabansa. "Sau ɗaya ne mai wuya. In ta ci sau ɗaya, katangar ta faɗi, za ki gode mini."

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba mugu ba ne. Shi ya kai Baba asibitin Maraɗi, shi ya riƙe karatuna. Da mugunta ce da na san yadda zan yi da shi. Yana tsaye yana murmushi, ya tabbata alheri yake yi, kuma duk abin da na faɗa sai ya zame a kansa ya faɗi ƙasa.

Rana ta yi ja, na kama hannun Inna za mu nufi ƙofar masu gadi, sai ga shi da Yaya da yara sun tare hanya. Ya ce an shirya wa mai azumi wuri. Muka bi shi zuwa wani gidan abinci da aka gina a kan katako, ya shiga cikin ruwa, fitilu rataye a igiya suna lilo. Wurin da ke cikin hoton ne, wanda na yi ta mafarki. An haɗa mana tebur a tsakiya, an shimfiɗa farin ƙyalle, ga dabino, ga kunu, ga farfesu, ga wani babban kifi an gasa shi an kwantar a kan ganye. Ma'aikata biyu na tsaye da hannuwa a baya. Mutanen sauran tebura suna juyowa su ga wace babbar baƙuwa ce.

Kiran salla ya taso daga ƙetaren kogi, siriri, iska na kawo shi tana mayarwa. Inna ta ɗauki dabino ɗaya, ta juya baya gaba ɗaya, ta shigar da shi ƙarƙashin mayafi. Ta kurɓi ruwa haka nan. Sannan ta ce da ni in ce masa an gode, za ta je ta yi salla. Ta yunƙura ta miƙe, sai ƙafafunta suka ƙi. Ta dafa tebur, kofuna suka yi ƙara, Yaya ta zabura ta riƙe ta ta zaunar.

"Kun gani ko?" in ji shi. Da gaske tsoro ya ji. "Mace mai hawan jini, ba ci ba magani. Wallahi tallahi ba wanda zai sa komai a baki a teburin nan, ni da matata da 'ya'yana, sai Inna ta ci abincin nan."

Ƙaramar 'yar Yaya ta riga ta ɗauki dankali. Ya karɓe daga hannunta ya mayar faranti. Yarinyar ta dubi ubanta, ta dubi kakarta.

"Kaka, ki ci mana. Yunwa nake ji."

Ana jin ruwa yana bugun katako a ƙarƙashinmu, daga nesa kuma ihun masu hawa lilo. In ta ƙi, ta sa surukinta kaffara a gaban iyalinsa, ta kuma bar jikokinta da yunwa. Ya san haka ko bai sani ba, ban taɓa tambayarsa ba.

Inna ta daɗe tana kallon yarinyar. Sannan ta sa hannu biyu ta sauke mayafinta zuwa kafaɗa. Ban taɓa ganin fuskarta a buɗe a gabansa ba, ina jin shi ma bai taɓa gani ba, don sai da ya ɗan sunkuyar da kai. Ta gyara kujera ta fuskance shi sosai. Ta ce a kawo mata ruwan wanke hannu. Ma'aikacin ya kawo a kwano, ta wanke, ta ture cokula gefe, ta yi bismillah, ta gutsuri kifin.

Ta ci a hankali. Ba ta kawar da kai ba, ba ta rufe baki da hannu ba. Tana cire ƙaya tana jerawa a bakin faranti, tana taunawa, idonta a kansa. Yaran suka faɗa wa nasu abincin. Yaya ta riƙe cokali, amma ban ga ta kai baki ba. Ni kuwa ina kallon maƙogwaron Inna yana hawa yana sauka, kamar kowace loma sai ta tura ta da ƙarfi.

Inna ko a gidan biki ba ta cinye abin da aka zuba mata, dole ta rage. Ranar ta share farantin tas, ta suɗe yatsu. Sannan ta tura masa farantin, ta yi masa magana da bakinta, ba ta bi ta kaina ba.

"Ƙaro."

Ya miƙe da sauri har kujerarsa ta kusa faɗuwa. Ya zuba mata, ya zagayo ya durƙusa kusa da ita, ya miƙa wa ma'aikacin wayarsa ya ce a ɗauke su. A hoton yana dariya, idonsa da ƙwalla, ita kuma hannunta na cikin faranti, maiƙo a leɓenta, fitilu a bayansu sun kwanta a kan ruwa. Hoton ya yi kyau ƙwarai. Kafin mu tashi daga teburin ya tura shi zauren 'yan uwa na waya, ya rubuta a ƙasa cewa yau ya ci abinci da uwarsa.

Sauran kwanakin da muka yi Inna ba ta ƙara cewa azumi take ba. Duk gidan abincin da aka shiga tana zama inda aka nuna mata, ta ci abin da aka ajiye, ta sha magani, ta wanke hannu. Akwai mai ado irin na cikin jirgin sama, akwai wanda ma'aikatansa ke sa hular gashin tsuntsu suna waƙa in sun kawo abinci. Ba ta yaba ba, ba ta kushe ba. A ɗaki kuwa ta rage magana da ni. Ranar fita mai gadi ya sauko da kwanonta, furar ta kumbura ta yi tsami har ta ɗaga murfi. Ta ce ya zubar, ya ba ta kwanon.

Hoton ya riga mu isa gida. Wani ɗan kawunmu mai shagon cajin waya ya nuna wa duk wanda ya zo karɓar tasa. A wani suna da aka yi bayan dawowarmu, muna shiga gidan wata tsohuwar ƙawarta ta tafa hannu.

"Ga 'yar Yamai, mai cin kifi da suruki. Ke da ko tari ba kya yi in ya shigo gari? Ashe yunwar birni ta fi ta ƙauye."

Mata suka kwashe da dariya. Ba da ƙeta suka yi ba, wasa ne na tsofaffi, da a kan wata ce da Inna ma ta sa baki. Ta ce, "Haka Allah ya so," ta nemi wuri ta zauna. A da in za a kai amarya a unguwarmu ita ake kira ta yi mata faɗa a kan zama da dangin miji. Da aka aiko a bikin da ya biyo baya, ta ce a nemi wata, ita ƙafa ke damunta.

Da kaka, ana tonon aya ana tankaɗe ta daga ƙasa, suka zo gaishe ta. Da hantsi ne. Inna na zaune a tsakar gida a kan tabarma, ɗankwali kawai a kanta, tana cin ɗumame. Muka ji tsayuwar mota, muka ji sallamarsa. Na dube ta. Ta amsa, ta kai loma baki. Ya shigo, Yaya na bayansa da jaka.

Inna ta kira shi da sunansa na yanka, gatsau, yadda ake kiran yaron maƙwabta.

"Ka iso? Motarka ta tare hanyar amalanke, je ka gyara ta kafin ka zauna."

Ya fita yana dariya. Da ya wuce ta gabana ya rage murya ya ce, "Amaryata, ban gaya miki ba? Yanzu na zama ɗan gida."

Yaya na tsaye inda take, jakar na hannunta. Ta dubi Inna, Inna ba ta dube ta ba. Sai ta ajiye jakar ta shige madafa, alhali ba wuta a murhu, ta daɗe ba ta fito ba.

Ga kaji na kiwo a gindin rumbu, Inna ba ta ce a kama ko ɗaya ba. Ta aike ni bakin hanya in sayo masa shinkafa da wake wurin mai sayar wa masu ƙwadago. Na kawo a roba. Ya zauna a gefen tabarmarta ya ci, yana ba ta labarin aiki, tana amsawa da "to" tana korar ƙuda. Da ya gama ta ce ya ɗauke robar daga hanya.

Har yanzu in an taru yana ba da labarin tafiyar nan, yakan ce a cikin duk abin da ya yi a rayuwarsa ba wanda ya kai wannan yi masa daɗi. Yakan ciro waya ya nuna hoton. Ni da Yaya, ba wadda ta taɓa gaya masa girman da ya rasa a teburin nan.